Bayan Cire Madaciya: Yadda Hanji Ke Komawa Bakin Aikinsa

"Hajiya, an fitar da iska kuwa?" Wannan na cikin tambayoyin farko da ma'aikaciyar jinya ke yi wa wadda aka yi wa aikin ciki, tun kafin a gama gaisuwar safe. Sau da yawa sai Hajiya ta sunkuyar da kai, 'yarta da ke jinyarta ta kawar da fuska, surukin da ya zo dubiya kuma ya tuna yana da wayar da zai amsa a waje. Abin da ake kunyar a ji a gida, a ɗakin 'yan tiyata albishir ne, har a fayil ake rubuta shi. Fitar iska ita ce shaidar farko cewa hanjin da ya yi lamo saboda tiyata ya farka ya kama aiki.

Ga wanda aka cire wa madaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, zancen bayan gida ba ya ƙarewa ranar sallama. Matsalar kan zo ne hawa biyu, kuma na biyun kishiyar na farko ne. A kwanakin farko ciki yana ɗaurewa, ya kumbura, bayan gida ya ƙi fita. Bayan mako ɗaya ko biyu kuma wasu sai su tarar abin ya juye: suna tsame hannu daga kwano sai gudu banɗaki. Dabarar da ke maganin na farko tana iya tsananta na biyu. Shi ya sa ya kamata majinyaci da mai jinyarsa su san a wane mataki suke kafin a fara "ba shi kaza, hana shi kaza".

Mene ne aikin madaciya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci ranar Layya ya san ta. Idan aka farke cikin rago aka ciro hanta, za a ga wata 'yar jaka koriya-koriya manne a ƙarƙashinta. Mahauci zai sa bakin wuƙa a hankali ya yanke ta ya yar, don in ta fashe, duk naman da ruwanta ya taɓa ya yi ɗaci ke nan. Ta ɗan Adam ma haka take, a ɓangaren dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Tsawonta santimita 7 zuwa 10 ne, abin da take ɗauka kuma bai wuce mililita 50 ba, wato cokalin cin abinci uku da ɗan ɗoriya.

Hanta ce ke yin wannan ruwa mai ɗaci, dare da rana, abin da ya kai rabin lita ko fiye a kullum. Aikin madaciya ajiya ne kawai. Tana tara ruwan tsakanin abinci da abinci, ta tsane shi har ya yi kauri ninki biyar zuwa goma. Da zarar abinci mai maiƙo ya baro tumbi ya shiga farkon ƙaramin hanji, jikin hanjin zai saki wani sinadari cikin jini da ke sa madaciya ta matse. Sai ta feso ruwan a kan abincin, ya farfasa maiƙon ƙanana-ƙanana yadda hanji zai iya sarrafa shi ya tsotse.

Idan aka cire ta, sai a zama kamar gidan da aka sauke wa tanki aka bar shi da famfo mai tsiyaya. Ruwa bai yanke ba, amma ba a samun mai yawa a lokaci guda sa'ad da ake bukata, kuma yana ta ɗiga ko da babu mai tara. Jiki yakan saba da wannan sabon tsari, kuma mutum na iya cika shekarunsa lafiya lau ba tare da madaciya ba. Doki da jaki da raƙumi ma ba a halicce su da ita ba sam.

Akwai wani abu guda da ya kamata a riƙe, domin shi ne asalin gudawar da za a yi zancenta nan gaba. Jiki ba ya zubar da sinadaran da ke cikin ruwan madaciya. Kimanin kashi 95 cikin 100 ana tsotse su a ƙarshen ƙaramin hanji, a mayar wa hanta, ta sake turo su, sau da dama a yini. Ɗan abin da ya kuɓuce ne ke gangarawa babban hanji.

Daga yanka mai tsawo zuwa huji huɗu

Abin da ya fi sa a cire madaciya shi ne tsakuwa. Ruwan da ke cikinta kan daskare ya dunƙule, wani lokaci ƙwaya ɗaya, wani lokaci barjat. Mata sun fi maza samun ta, musamman bayan haihuwa da yawa, haka masu ƙiba, da waɗanda suka haura shekara 40, da wanda ya rame farat ɗaya. Yawancin masu tsakuwar ba su ma san suna da ita ba. Sai ranar da ɗaya ta toshe bakin jakar, ciwo ya turniƙe a saman ciki ta dama, ya harba baya ko kafaɗa, sau da yawa bayan an ci mai maiƙo. Wasu kan daɗe suna shan maganin olsa kafin hoton ciki ya nuna inda gizo ke saƙar.

Likitan da ya fara cire madaciyar ɗan Adam cikin nasara shi ne Carl Langenbuch, a asibitin Lazarus da ke Balin, a watan Yulin 1882. Shekara ɗari da 'yan kai ana yin aikin ta hanyar yanka mai tsawo a ƙarƙashin haƙarƙari. A ranar 12 ga Satumba, 1985 wani likitan Jamus ɗin, Erich Mühe, ya cire madaciya ta ɗan ƙaramin huji a garin Böblingen, yana leƙa cikin da na'ura. Takwarorinsa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba da farko. Bayan Philippe Mouret ya yi nasa a Lyon ta Faransa a 1987, cikin 'yan shekaru dabarar ta game duniya.

A yau akan yi huji uku ko huɗu, a hura iskar kabon a cikin ciki don a samu fili, a zura kyamara da dogayen kayan aiki. Wanda aka yi wa irin wannan kan koma gida a ranar ko washegari, ya koma harkokinsa cikin mako biyu. Wanda aka yi wa yanka kuwa kan kwana uku zuwa biyar a asibiti, warkewarsa ta ɗauki mako shida zuwa takwas. A Najeriya da Nijar har yanzu ana yin duka biyun, gwargwadon kayan aikin asibiti da halin da aka tarar da madaciyar. Bambancin yana da tasiri a kan hanji: gwargwadon yadda aka taɓa shi da hannu, gwargwadon daɗewarsa kafin ya farfaɗo.

Me ke sa hanji ya yi lamo?

Hanji tsoka ce da ke matsawa tana saki, tana tura abinci gaba ba tare da mai shi ya sani ba. Tiyata na dakatar da wannan motsi na ɗan lokaci, kuma sassan ba sa farkawa tare. Bayan babban aikin ciki, ƙaramin hanji kan dawo cikin yini guda, tumbi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, babban hanji kuma, wanda shi ke da alhakin iska da bayan gida, sai ya kai kwana biyu zuwa uku. A aikin huji lokacin kan fi haka gajarta.

Dalilan sun taru sun yi yawa. Akwai maganin sa barci. Akwai taɓa kayan ciki da kumburin da ke biyo baya. Akwai kwanciya wuri ɗaya. Akwai kuma cewa an hana mutum abinci tun daren jajibirin tiyata, don haka babu wani abin kirki a cikin da zai fita.

Babban mai laifi dai shi ne magungunan kashe zafi masu ƙarfi, dangin mofin: fentazosin da ake yi wa allura a asibitoci, da tiramadol da kodin. Waɗannan suna kashe ciwo a ƙwaƙwalwa, amma suna kuma kama jijiyoyin hanji su rage masa gudu. Bayan gida ya daɗe a babban hanji, a tsotse ruwansa, ya bushe ya yi tauri. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da wasu magungunan hana amai su ma suna ɗaure ciki.

Wani abin da ke ruɗa majinyata shi ne ciwon kafaɗar dama bayan aikin huji. Ragowar iskar kabon ɗin nan ce ke taɓa tantanin da ya raba ciki da ƙirji, jijiyarsa kuma ta kai saƙon kafaɗa. Wannan iskar ba a cikin hanji take ba, don haka ba ta fita ta gyatsa ko ta ƙasa. Jiki ne ke tsotse ta da kansa cikin 'yan kwanaki.

Idan mutum na fitar da iska, ba ya amai, cikinsa kuma da laushi, kwana biyu ko uku ba bayan gida ba abin tayar da hankali ba ne.

Abin da ke tayar da shi

A da, ƙa'idar asibiti ita ce a hana majinyaci ko da ruwa sai ya fitar da iska, a bar shi kwance da ƙarin ruwa a hannu. A shekarun 1990 wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Danmak, Henrik Kehlet, ya nuna cewa wannan lallaɓawar ita ke ƙara jinkirta warkewa. Tsarin da ya assasa, wanda manyan asibitocin duniya ke bi yanzu, ya tsaya a kan abubuwa masu sauƙi: a tashi da wuri, a ci da wuri, a rage magungunan dangin mofin.

Tashi da wuri na nufin a ranar da aka yi aikin ko washegari, da zarar jiri ya saki majinyaci. A fara da zama a bakin gado, sannan a miƙe da taimakon mai jinya, a taka zuwa ƙofa a dawo. Gajeriyar tafiya sau da yawa a yini ta fi doguwa sau ɗaya. Tafiyar na taimaka wa iska ta samu hanya, tana kuma kare mutum daga daskarewar jini a ƙafa da ciwon huhu, waɗanda duk sun fi ɗaurewar ciki haɗari. Mai jinyar da ke cewa "Baba, kwanta ka huta, kada ɗinki ya farke" yana nufin alheri ne, amma ɗinki ba ya farkewa don an yi tattaki a baranda.

Ci da wuri kuma na nufin kurɓar ruwa 'yan sa'o'i bayan farfaɗowa idan likita ya ba da izini, sannan koko ko kunu marar kauri, sannan abinci mai laushi. Shigar abinci tumbi ita kanta ke aika wa babban hanji saƙon ya motsa. Ruwa kuwa, babban mutum na bukatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiyawata uku zuwa huɗu, fiye da haka a lokacin bazara, sai dai mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya ƙayyade masa. Fitsari mai haske alama ce ruwan ya wadatar.

Game da ciwo, ba a ce a daure ba. Wanda ciwo ya hana shi numfashi sosai ko miƙewa ba zai yi tafiyar da ake so ba. Abin da ake nema shi ne a dogara da farasitamol, da irin su diklofenak ga wanda ba shi da olsa ko matsalar ƙoda, a bar masu ƙarfin sai ta kama, kuma a daina su da zarar an samu sauƙi.

Akwai dabaru biyu masu ban mamaki da aka gwada a kimiyyance. Ta farko cingam. A 2002 wasu likitocin Japan suka ba da rahoton cewa waɗanda aka yi wa aikin babban hanji suka tauna cingam sun riga sauran fitar da iska. Tauna na yaudarar jiki ya ɗauka abinci na tafe, sai yawu ya zubo, hanji ya fara shiri. A 2015 ƙungiyar Cochrane ta tattara bincike 81 da suka shafi mutum fiye da 9,000, ta ga cingam na gaggauta bayan gida na farko da kusan rabin yini, ko da yake ta ce yawancin binciken ƙanana ne kuma ingancinsu da sauran gyara. Ta biyu gahawa. A wani gwaji da aka buga a 2012 daga Heidelberg ta Jamus, cikin mutum 80 da aka yi wa aikin babban hanji, masu shan gahawa sun yi bayan gida bayan kimanin sa'a 60, masu shan ruwan ɗumi kuwa sai bayan sa'a 74. Ba a kan waɗanda aka cire wa madaciya aka yi wannan gwajin ba, amma dabarun ba su da tsada, kuma haɗarinsu kaɗan ne idan likita ya amince.

Idan aka shiga kwana na uku shiru, likita kan rubuta maganin sassauta ciki, kamar ruwan laktulos ko ƙwayar sena. Ita wannan ƙwayar daga dangin filasko ake yin ta, amma an auna ta. Filaskon da aka jiƙa a gida ba wanda ya san ƙarfinsa, yana iya murɗa cikin da ke da sabon ɗinki ya kuma tsiyaye ruwan jiki. Kunun tsamiya da gwanda sun fi shi sauƙi nesa ba kusa ba.

A banɗaki ma akwai dabara. A gwada bayan karin kumallo, lokacin da hanji ya fi motsi. Mai zama a kan masan zamani ya ɗora ƙafafunsa a kan 'yar kujera yadda gwiwoyi za su ɗara ƙugu tsawo, ya dafe wurin ɗinki da matashi ko tawul, ya bar abin ya zo da kansa. Yunƙuri da nishi na takura wa ɗinki, kamar yadda ɗaukar jarkar ruwa ko daka ke yi. Kada kuma a riƙe iska don kunyar 'yan dubiya ko don tsoron karyewar alwala. A nemi uzuri a fita, ko a sallami baƙin.

Idan abin ya juye ya zama gudawa

Bayan an koma gida an fara cin abinci sosai, sai hawa na biyu ya bayyana ga wasu. Alƙaluma sun bambanta daga bincike zuwa bincike, amma akan ce abin na iya shafar har mutum ɗaya cikin biyar. Bayan gidan kan zo ruwa-ruwa, rawaya ko kore-kore, da gaggawar da ba ta jira, galibi da sassafe ko jim kaɗan bayan cin abinci. Wani lokaci yana da zafi wurin fita, wani lokaci yana da maiƙo yana taso kan ruwa.

Dalilin na komawa ga ruwan nan da ke tsiyaya ba ƙaƙƙautawa. Tunda babu wurin ajiya, sinadaransa na zagayawa tsakanin hanta da hanji fiye da da, abin da ke kuɓucewa zuwa babban hanji sai ya ƙaru. A can kuma suna sa jikin hanjin ya zubo da ruwa, ya kuma ƙara sauri. Idan aka haɗa da kwanon abinci mai maiƙo da ya fi ƙarfin ruwan da ke akwai a lokacin, ragowar maiƙon da bai narke ba shi ma ya gangara ya ƙara dagula al'amari.

A nan ne gahawar da ta taimaka a asibiti ke zama abokiyar gaba. Haka shayi mai kauri da madara, da lemon kwalba mai zaƙi, da cingam marar sukari, wanda abin zaƙin da ke cikinsa ke sassauta ciki. Wanda ya ci gaba da shan laktulos ko kunun tsamiya bayan ciki ya saki, shi ke ƙara wa kansa. A duba sauran magunguna ma: metfomin na masu ciwon sukari, da farin maganin olsa na ruwa mai sinadarin magnesiyam, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta duk suna iya kawo gudawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a aika yaro kemis ya sayo Flagyl. Wannan gudawar ba ƙwayar cuta ce ta kawo ta ba, don haka Flagyl ba shi da abin da zai kashe. Abin da ake bukata da farko shi ne mayar da ruwan da aka rasa, da ruwan gishiri da sukari na leda idan gudawar ta yi yawa.

Ga mafi yawan mutane abin kan lafa cikin 'yan makonni zuwa 'yan watanni. Ga 'yan kaɗan yakan zarce shekaru, kuma su ma akwai magani. Likita na iya ba da loferamid, wanda aka fi sani da Imodium, don rage saurin hanji. Wanda ya fi dacewa da asalin matsalar shi ne kolestiramin, wani gari da ake damawa a ruwa, wanda ke kama sinadaran ruwan madaciya a cikin hanji ya fita da su ba tare da sun yi ɓarna ba. Sharaɗinsa shi ne yana kama wasu magungunan ma, don haka akan sha sauran magunguna sa'a ɗaya kafinsa ko sa'a huɗu zuwa shida bayansa.

Me za a zuba a kwano?

Babu wani abinci da aka haramta wa marar madaciya har abada. Abin da ake kula da shi shi ne yawan maiƙon da ke shiga a zama ɗaya, musamman a makonnin farko. Kuma a nan ne 'yan dubiya ke shigowa da kulolinsu: farfesun jelar sa da mai ke yawo a kai, soyayyar kaza, dambun nama, waina da ta sha man gyaɗa, "don jiki ya yi ƙwari". A karɓa a yi godiya, a raba wa 'yan gida.

Cokalin cin abinci ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko manja ko man shanu, yana da kimanin giram 14 na maiƙo, ga shi kuwa ba a cika auna shi da cokali a tukunya ba. Sauƙin abin shi ne kusan kowane abinci yana da ɗan'uwansa marar nauyi. Alala mai ɗan mai kaɗan a madadin ƙosai. Dafaffen dankali ko doya a madadin soyayye. Kifi gasasshe ko kaza da aka cire wa fata a madadin balangu mai kitse. Tsala, wadda aka riga aka kaɗe mata mai, a madadin kindirmo. Miya kuma a bar ta ta ɗan huce, a kwashe man da ya taso sama kafin a zuba wa majinyaci. Ƙuli-ƙuli da miyar gyaɗa da agushi su dakata tukuna, haka barkono mai yawa.

A raba abincin yini gida biyar ko shida ƙanana maimakon a tara shi a babban kwano biyu. Ta haka ruwan da ke tsiyaya zai riƙa samun abin da zai yi aiki a kai, kuma ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Sai ɓangaren abinci da hanji ba ya narkarwa, wanda masana ke kira faiba. Iri biyu ne. Akwai mai kaushi, irin na dusar hatsi da ɓawon wake da ɗanyen ganye, wanda ke ƙara wa bayan gida yawa da sauri. Akwai kuma mai yauƙi, wanda ke shan ruwa ya kumbura. Wannan na biyun yana amfani ta fuska biyu: yana tausasa busasshen bayan gida, yana kuma haɗa kan mai ruwa-ruwa. Ana samun sa a kuɓewa da kuka da karkashi, da ayaba, da dankalin Hausa, da hatsin ots. Ke nan tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa wadda ba a cika wa man shanu ba na cikin abincin da ya fi dacewa da wannan lokaci. Wake da kabeji da kwaɗon zogale a shigo da su kaɗan-kaɗan cikin makonni, don in aka afka musu lokaci guda ciki zai cika da iska.

Ba a kuma so a guje wa mai kwata-kwata. Jiki na bukatarsa don tsotse bitamin A, D, E da K. Bayan wata guda ko makamancin haka sai a fara dawo da abincin da aka saba, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya riƙa rubuta abin da ya ci da yadda cikinsa ya karɓa, cikin 'yan kwanaki zai gane wanne ne ba sa shiri, don abin da ke tayar wa wani ba ya tayar wa wani.

Masu sikila da masu azumi

Masu cutar sikila na cikin waɗanda aka fi cire wa madaciya tun suna ƙanana. Ƙwayar jinin mai lafiya kan yi kwana 120, tasu kuwa kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, launin da ke fita daga matattun ƙwayoyin ya taru a madaciya ya zama baƙar tsakuwa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita a shekara. Ga masu sikila abin ya fi tsanani ta kowane ɓangare: magungunan kashe zafin da suke yawan bukata na ɗaure ciki, gudawa kuma na busar da jiki, bushewar jiki kuwa na tayar da ciwon. Mai sikilar da gudawa ta kama bayan tiyata, ko ya ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, asibiti za a nufa da shi nan take.

Azumin Ramadan ma na bukatar shiri. Wanda bai daɗe da tiyata ba ya tambayi likitansa kafin ya ɗauka, shari'a kuma ta yi wa marar lafiya rangwamen ramuwa. Wanda ya warke yana azuminsa, sai dai ya kula da buɗa-baki. Cikin da ya wuni babu komai, a haɗa masa ƙosai da soyayyen dankali da ƙwai a lokaci guda, ba zai bari a kai asham lafiya ba. A buɗe da dabino da ruwa da kunu, a ci kaɗan bayan magariba, a ƙarasa bayan asham.

Alamomin da ba a kwana da su a gida

Ba kowane ciwon ciki bayan wannan aiki ba ne na sabo. A kusan mutum ɗaya cikin ɗari, ruwan madaciya kan yoyo daga inda aka ɗaure ya taru a cikin ciki. Wani lokaci kuma tsakuwa kan rage a babbar hanyar da ruwan ke bi daga hanta zuwa hanji, ta toshe ta. Duka biyun ana gyara su idan an zo da wuri, sau da yawa ta hanyar zura na'ura ta baki ba tare da sabon yanka ba.

A koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba idan aka ga zazzaɓi ko rawar sanyi, ko ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko aman da ya hana ruwa zama. Haka idan ciki ya kumbura ya yi tauri, babu iska babu bayan gida. A irin wannan hali ba a ba da maganin sassauta ciki a gida. Idanu ko fata su yi rawaya irin ta shawara, fitsari ya yi duhu, bayan gida ya koma fari-fari, ko jiki ya dinga ƙaiƙayi, duk alamun toshewar hanyar ruwan ne, kuma jiƙe-jiƙen shawara ba sa buɗe ta. Jini a bayan gida, ko baƙin bayan gida ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, ko ruwa mai wari daga wurin ɗinki, ko kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, su ma na gaggawa ne.

Ko da komai na tafiya daidai, kada a tsallake ranar komawa ganin likita. A je da takardar da aka rubuta abinci da magunguna, a kuma faɗa masa yadda bayan gida yake ba tare da kwana-kwana ba: sau nawa a yini, wane launi, da wane lokaci. Wanda gudawa ta wuce masa wata guda, ko ta fara ramar da shi, ko ta hana shi fita kasuwa da masallaci, ya faɗa a fili ya nemi a gwada masa magani.